Kowa Ya Ci Zomo Ya Ci Gudu: Dalilin da Ya Sa Mantiƙi Ya Cancanci Zama Darasin Farko a Lissafi

Bahaushe ya ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Magana ce da yaro da babba suka sani, kuma da wuya a sami mai musu a kanta. To amma bari mu ɗora wa mai karatu tambaya a kan wannan karin magana. Ga maharbi ya dawo daga daji yana haki, gumi ya jiƙa masa taguwa, ƙaya ta yayyage masa ƙafa, alamu duka sun nuna cewa ya sha gudu. Shin za mu iya yanke hukunci cewa akwai zomo a burgaminsa? Kowane mai hankali zai ce a'a, domin kuwa ana iya yini ana gudu zomo ya tsere. Ga kuma wani maharbin da ya yini a gindin tsamiya bai ko motsa ba. Shi kam, muddin karin maganar gaskiya ce, muna da tabbacin cewa bai kamo zomo ba.

Duk wanda ya amsa waɗannan tambayoyi biyu daidai ya riga ya taka matakin farko na wani ilmi da ake kira mantiƙi, wato ilmin ƙa'idojin tunani da kafa hujja. Reshensa mafi sauƙi, wanda ke nazarin yadda ake haɗa maganganu da kalmomi irin su "kuma" da "ko" da "idan", shi ne ƙofar shiga fannin lissafin da aka gina kimiyyar kwamfuta a kansa. A manhajar lissafi ta jarrabawar WAEC akwai ɗan babi a kan wannan batu, sai dai sau da yawa akan bar shi sai jarrabawa ta ƙarato, a rubuta alamominsa a allo, ɗalibai su haddace, a wuce. Ra'ayina shi ne an juya abin ƙasa a sama. Wannan babi ya kamata ya zama darasin farko da ɗalibi zai tarar a ajin farko na babbar sakandare, kuma a fara shi da harshen da yaron yake tunani da shi. Zan yi ƙoƙarin kafa hujja a kan haka, amma wajibi ne mu fara sanin abin da muke magana a kai.

Furuci da Mahaɗansa

Tubalin wannan ilmi shi ne furuci. Abin da muke nufi da furuci a nan shi ne maganar da ko dai gaskiya ce ko kuma ƙarya ce, babu na uku. "Kogin Binuwai ya haɗu da Kogin Kwara a Lokoja" furuci ne, kuma gaskiya ne. "Bakwai a tara da biyar goma sha uku ne" shi ma furuci ne, sai dai ƙarya ne. Amma "Ina za ka?" da "Rufe ƙofa!" ba su shiga wannan sahu ba, domin ba a gaskata tambaya ko umarni, ba a kuma ƙaryata su. Don sauƙin aiki masana lissafi sukan wakilci kowane furuci da harafi guda, kamar p ko q, yadda ake wakiltar lamba da x a aljabara.

Daga ƙananan furuci ake gina manya ta hanyar mahaɗai, kuma guda biyar ne aka fi amfani da su. Na farko shi ne kore, wanda a Hausa muke yi da "ba … ba": idan p gaskiya ne, korensa ƙarya ne, idan kuwa p ƙarya ne, korensa gaskiya ne. Na biyu shi ne haɗi, wato "p kuma q", wanda ba ya zama gaskiya sai dukkan ɓangarorin biyu sun tabbata. Na uku shi ne zaɓi, wato "p ko q", wanda ɓangare ɗaya ya ishe shi ya zama gaskiya. Na huɗu shi ne sharaɗi, wato "idan p, to q". Na biyar shi ne sharaɗi mai fuska biyu, inda p da q suke tafiya tare: ko dai duka su tabbata ko duka su rushe.

Yana da kyau mu ɗan tsaya a kan kalmar "ko", domin aiki biyu take yi a bakinmu. Idan mai masauki ya ce wa baƙo "shayi ko koko?", ɗaya yake nufin a zaɓa. Amma idan makaranta ta ba da sanarwar cewa tana neman malami mai digiri a lissafi ko a kimiyyar harhaɗa sinadarai, babu wanda zai ce a kori mai digiri a fannonin biyu. A mantiƙin lissafi ma'ana ta biyu ake ɗauka, wato "ɗaya daga cikinsu ko ma duka biyun". Idan ana nufin ma'ana ta farko, sai a fayyace a ce "ko dai p ko kuma q, ban da duka biyu". Wannan ɗan bambanci kaɗai ya isa ya nuna wa ɗalibi cewa kalmar da yake furtawa kullum tana da lunguna da bai taɓa leƙawa ba.

Haka nan kore yana da tasa dabara idan ya faɗa kan haɗi. Sanannen abu ne cewa shiga jami'a a Nijeriya yana buƙatar kiredit biyar, galibi har da lissafi da Turanci. Idan aka ce wani ɗalibi bai cika sharaɗin "lissafi da Turanci" ba, mutane da dama sukan ɗauka ya faɗi duka biyun, alhali abin da maganar ta tabbatar kawai shi ne ya rasa aƙalla ɗaya. Wato koren "p kuma q" shi ne "ba p ba, ko ba q ba". Haka kuma koren "p ko q" shi ne "ba p ba, kuma ba q ba". Waɗannan su ake kira dokokin De Morgan, da sunan wani masanin lissafi na Ingila da ya rayu a ƙarni na 19.

Alkawarin Uba da Jadawalin Gaskiya

Sharaɗi shi ne mahaɗin da ya fi kowanne ruɗa ɗalibai, saboda haka mu ɗauki misali daga cikin gida. Uba ya ce wa ɗansa: "Idan ka zo na ɗaya a ajinku, zan saya maka keke." A nan p shi ne zuwa na ɗaya, q kuwa shi ne sayen keke. Hali huɗu ne kawai za su iya faruwa:

Yaro ya zo na ɗaya, uba ya sayi keke: an cika alkawari, sharaɗi gaskiya ne.
Yaro ya zo na ɗaya, uba bai sayi keke ba: an saɓa alkawari, sharaɗi ƙarya ne.
Yaro bai zo na ɗaya ba, uba ya sayi keke: ba a saɓa ba, sharaɗi gaskiya ne.
Yaro bai zo na ɗaya ba, uba bai sayi keke ba: ba a saɓa ba, sharaɗi gaskiya ne.

Mai karatu zai lura cewa a hali ɗaya tak ake iya kama uban da laifin ƙarya, wato lokacin da p ya tabbata q kuma ya ƙi tabbata. A hali na uku uban ya yi kyauta ne don ganin damarsa, domin bai taɓa cewa zai hana keke idan yaron ya zo na biyu ba. Jera dukkan halayen da za su iya faruwa ta wannan hanya shi ake kira jadawalin gaskiya. Idan furuci biyu ne, layi 4 ake samu. Idan uku ne, layi 8. Kowane sabon furuci yana ninka yawan layukan sau biyu, ta yadda furuci goma za su ba da layi 1,024, ashirin kuwa su ba da 1,048,576. Amfanin jadawalin shi ne yana raba gardama ba tare da ɗaga murya ba: idan ana jayayya ko maganganu biyu ma'anarsu ɗaya, sai a jera su layi bayan layi a gani da ido.

Kuskuren Juya Sharaɗi

Yanzu mu koma ga maharbanmu. Daga "idan p, to q" ana iya fitar da maganganu biyu masu kama da juna a kunne. Ta farko ita ce juyi, wato "idan q, to p": wanda ya ci gudu ya ci zomo. Ta biyu ita ce juyi tare da kore, wato "idan ba q ba, to ba p ba": wanda bai ci gudu ba bai ci zomo ba. Jadawalin gaskiya yana nuna cewa ta biyu daidai take da maganar asali a kowane layi, ta farko kuwa tana iya rushewa alhali maganar asali tana tsaye. A ganina, ɗalibin da ya riƙe wannan bambanci da kyau ya sami abin da ya fi haddar ƙa'idoji hamsin.

Kada a ɗauka cewa yara ne kaɗai ke faɗawa wannan rami. A shekarar 1966 wani masanin halayyar ɗan Adam a Ingila mai suna Peter Wason ya fito da wata gwaji da ta shahara. Akan ajiye kati huɗu, kowanne da harafi a fuska ɗaya da lamba a ɗayar. A ce fuskokin da ake gani su ne A da K da 4 da 7. Sai a ba da doka: idan kati yana da wasali a fuska ɗaya, to lambar da ke bayansa tana rabuwa biyu ba saura. Waɗanne katuna ne dole a juya domin a gane ko an karya dokar? Mafi yawan waɗanda aka gwada, cikinsu har da ɗaliban jami'a, sun kasa. Da yawa sukan zaɓi A da 4. Amsar kuwa ita ce A da 7. Duk harafin da aka tarar a bayan 4 ba zai karya dokar ba, amma idan aka tarar da wasali a bayan 7, doka ta rushe. Masu zaɓen 4 juyin sharaɗi suke gwadawa ba su sani ba.

Abin sha'awa shi ne binciken da ya biyo baya ya nuna cewa idan aka mayar da tambayar ta zama wata doka ta rayuwar yau da kullum, yawancin mutane suna amsawa daidai. Mai karatu ya gwada da kansa. Doka ta ce duk mai tuƙa mota sai yana da lasisi. Ga mutum huɗu: ɗaya yana tuƙi, ɗaya fasinja ne, ɗaya an san yana da lasisi, ɗaya an san ba shi da shi. Wa jami'in kiyaye haɗurra zai bincika? Nan take kowa zai ce mai tuƙi, a ga ko yana da lasisi, da kuma marar lasisi, a ga ko yana tuƙi. Ginin tambayar ɗaya ne da ta katuna, tufafinta kawai aka sauya. Darasin da malami zai ɗauka a nan a fili yake: hankalin ɗalibi ya san ƙa'idar tun a gida, aikin makaranta shi ne ta fito da ita fili ta ba ta suna, sa'an nan ta kai ta inda babu zomo babu lasisi, sai x da y.

A cikin lissafi kansa wannan bambanci shi ne gishirin kafa hujja. Gaskiya ne cewa idan lamba tana rabuwa huɗu ba saura, to tana rabuwa biyu ba saura. Juyin kuwa ƙarya ne, lamba 6 kaɗai ta isa shaida. Juyi tare da kore kuma makami ne mai kaifi. A ce ana so a tabbatar cewa idan n² tana rabuwa biyu, to n ma tana rabuwa biyu. Maimakon a tunkari maganar kai tsaye, sai a bi ta bayan gida: a ɗauka n ba ta rabuwa biyu, wato n = 2k + 1. To n² za ta zama 4k² + 4k + 1, wato 2(2k² + 2k) + 1, wadda ke barin saura ɗaya. An tabbatar da juyi tare da kore, saboda haka an tabbatar da maganar asali. Ɗalibin da ba a koya masa dalilin halaccin wannan mataki ba, haddace hujjar zai yi kamar waƙa, da zarar an sauya tambayar kuma sai ya tsaya cik.

A wajen aji ma kuskuren yana da tsada. Zazzaɓin cizon sauro yakan zo da zafin jiki, daga nan sai mutane su juya maganar su ce duk zafin jiki cizon sauro ne, su nufi kantin magani, alhali taifot da wasu cututtuka da dama su ma suna kawo zafin jiki. Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro. Haka jita-jita take yaɗuwa a wayoyin salula: an ce ɓarawo yakan yi waige-waige, ga baƙo yana waige-waige, shi ke nan an yanke masa hukunci.

Daga Zaure Zuwa Kwamfuta

Wannan ilmi ya daɗe. Aristotal, wanda ya rayu a ƙasar Girka daga shekara ta 384 zuwa ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya fara tsara ƙa'idojin kafa hujja, sa'an nan Kirisifus da mabiyansa suka zurfafa nazarin mahaɗai irin su "idan" da "ko". Malaman Musulunci, musamman Ibn Sina, sun faɗaɗa babin sharaɗi ƙwarai. Ta wannan hanya ilmin ya iso ƙasar Hausa tun kafin zuwan boko. Shehu Muhammadu bn Abdulkarim al-Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ya yi rubutu a kan mantiƙi, har ya kare halaccin koyonsa a musayar baitoci da Jalaluddin as-Suyuɗi na Masar. Littafin Sullam na al-Akhdari, wanda aka wallafa a ƙarni na 16, yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan malamai, kuma a cikinsa akwai bayanin sharaɗi da zaɓi.

Wanda ya mayar da mantiƙi lissafi shi ne George Boole, ɗan wani mai ɗinkin takalma a garin Lincoln na Ingila, wanda mafi yawan ilminsa da kansa ya koya. A littattafansa na 1847 da 1854 ya nuna cewa ana iya sarrafa furuci da alamomi kamar yadda ake sarrafa lambobi. A shekarar 1937 kuma wani ɗalibi a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts a Amurka, Claude Shannon, ya nuna a kundin digirinsa na biyu cewa wannan aljabara ta Boole ita ce ke bayyana aikin makunnan lantarki. Idan aka jera makunni biyu ɗaya bayan ɗaya a kan waya guda, ƙwai ba zai kama ba sai an kunna duka biyun: wannan shi ne "kuma". Idan aka ba kowanne hanyarsa, kunna ɗaya ya isa: wannan shi ne "ko". Daga irin waɗannan ƙananan ƙofofi, an tara biliyoyinsu a kan ɗan guntun silikon, ake gina ƙwaƙwalwar kwamfuta da ta wayar da ke aljihun mai karatu. Malami yana iya nuna wannan a aji da batirin tocila biyu da ƙwan tocila da 'yan wayoyi.

Masu Ja da Wannan Ra'ayi

Wani malami zai ce manhaja ta riga ta cika, ina lokacin ƙarin darasi? Amsa ita ce babin yana cikin manhaja tun asali, matsayinsa kawai muke neman a sauya. Mako biyu da aka kashe a kansa tun farko za su dawo da riba a joometiri da aljabara, inda kowace ƙa'ida take da siffar "idan … to". Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wani kuma zai ce jarrabawa da Turanci ake yi, mene ne amfanin farawa da Hausa? Lalle dole ɗalibi ya san kalmomin Turanci da alamomin da za a tambaye shi. Amma mun ga abin da gwajin katuna ya nuna: fahimta tana shiga ne ta ƙofar abin da mutum ya saba da shi. Karin maganarmu cike take da sharaɗi. "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa." "In kunne ya ji, jiki ya tsira." A fara da ire-iren waɗannan, idan ma'ana ta zauna, ɗora mata sunan Turanci aikin minti kaɗan ne.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta masu cewa rayuwa ta fi gaskiya da ƙarya faɗi, akwai "watakila" da "galibi" da "ya danganta". Wannan haka yake, kuma wajibi ne malami ya faɗa wa ɗalibansa iyakar wannan ilmi. Mantiƙin furuci ba ya shiga cikin jumla ya tantance "duka" da "wasu", wannan aikin mataki na gaba ne. Ba ya auna yiwuwa, wannan aikin wani fannin lissafi ne daban. Mafi muhimmanci kuma, ba ya gaya maka ko abin da ka fara da shi gaskiya ne. Idan ka aza gini a kan ƙarya, za ka iya bin ƙa'ida sau da ƙafa ka isa ga wata ƙaryar. Ko karin maganar da muka buɗe da ita, mai ɗana tarko zai iya ƙalubalantarta, domin shi yakan ci zomo yana zaune. Binciken tushe aikin gwaji ne da lura, wato aikin kimiyya. Abin da mantiƙi ya ɗauki alkawari shi ne idan tushenka gaskiya ne, kuma ka bi ƙa'ida, ba za ka ɓata a hanya ba. Ma'auni ba ya noma hatsi, amma babu kasuwar da za ta ci ba tare da shi ba.

Kira ga Malamai da Ɗalibai

Saboda haka ina kira ga malaman lissafi da su gwada wannan tsari a zangon karatu mai zuwa. A ranar farko a rubuta karin magana ɗaya mai sharaɗi a allo, a sa ɗalibai su fitar da juyinta da juyinta tare da kore, su yi muhawara a kan wanda ya tsaya da wanda ya faɗi. A rana ta biyu a kawo katuna huɗu. A ta uku a kawo batir da ƙwai. Sai bayan haka a gabatar da p da q. Malaman Hausa da na Larabci su ma suna da rawar takawa, domin a hannunsu kalmomin suke, kuma zama ɗaya tsakaninsu da malaman lissafi zai iya samar da sunayen da makaranta za ta daidaita a kansu.

Ku kuma ɗalibai, ga aikin gida da ba ya buƙatar littafi. A cikin mako guda, duk lokacin da kuka ji an ce "idan" a rediyo ko a kasuwa ko a majalisa, ku tambayi kanku: mene ne p, mene ne q, kuma mai maganar daga wanne ya tashi zuwa wanne? Ku rubuta sau nawa kuka ji an ga mai gudu an ce ya ci zomo, ku kawo wa malaminku lissafin ranar Litinin.

Allah Ya ƙara mana basira, amin.